Hannun Gap-sun a Ragar Marigayiya

Hyeon Gap-sun ba ta taɓa yin farin jini a ƙauyenmu ba, kuma ba ta taɓa nemansa ba. Na girme ta da shekara goma sha ɗaya, saboda haka na san ta tun tana zama a kan dutse da majina a hanci tana jiran uwarta ta fito daga teku. Uwar ta mutu lokacin Gap-sun tana da shekara goma sha uku. Uban ya bi jirgin kamun kifi zuwa Busan, bai sake waiwayo ba. Wadda ta ja ta a jiki ta koya mata nutso ita ce maƙwabciyarsu, Bu Wol-seon, da muke kira Samchun kamar yadda ake kiran kowane babba a nan tsibirin Jeju.

Koyarwar Samchun Wol-seon ba ta lallashi ba ce. In yarinyar ta taso daga ƙasa hannu wofi, sai ta danna mata kai ta koma. A haka Gap-sun ta zama wadda ta fi mu duka zurfi. Inda mu muke juyowa saboda kunne, ita nan take fara duba dodon koɗi. Ta auri wani mai gonar lemo, shiru-shiru kamarta, ta haifa masa 'ya ɗaya da ke aure a Seoul yanzu, ta binne shi shekara tara da suka wuce.

Abin da aka fi saninta da shi rowa ne. In mun fito daga ruwa muka taru a ɗakin canza kaya, kowa na buɗe ƙullinta a ci tare, ita sai ta ware da dankalinta. Ba ta ba da aron safar hannu. Da ƙungiyarmu ta masu nutso ta raba sababbin igiyoyi farare na ɗaure raga a jikin goran da ke shawagi a saman ruwa in mun nutse, ita kaɗai ta ƙi cire tsohuwar shuɗiyar igiyarta, wai ba ta ruɓe ba tukuna. Na faɗi wannan ne don a san cewa da abin ya faru, ba mu sha wahalar yarda ba.

Akwai wani lungu marar zurfi kusa da gaɓa da muke cewa tekun tsofaffi. An ware shi ga waɗanda numfashinsu ya gajarta, kuma mai ƙarfi ba ta ɗaukar ko da tsinke a ciki. Nan Samchun Wol-seon take nutso da shekararta tamanin da shida, nan ni ma nake yi. Ɗanta Sang-cheol ya daɗe yana roƙonta ta bari ta koma wurinsa a Seoul. Amsarta ɗaya ce kullum: ranar da ta fito da raga wofi, ya zo ya ɗauke ta.

Ranar da ta mutu ba na cikin ruwa. Ina asibitin gari ne da rana tsaka ina jiran a duba min kunne, sai talabijin ɗin da ke bango ya katse abin da yake nunawa, aka ce ga labari da ɗumi-ɗuminsa. Na ga dutsenmu, na ga lungunmu. Na ga wata mace ta iyo zuwa wani gora da ke shawagi shi kaɗai, ta dubi dama ta dubi hagu kamar kyanwa a bakin tukunya, ta cusa hannu cikin ragar da ke ƙarƙashinsa, ta juya ta tafi. Nan take kuma sai ga maza suna jawo mutum daga ruwa. Duka hoton bai kai numfashi ɗaya na mai koyon nutso ba.

Rubutu na gudu a ƙasa. Ni ban iya karatu ba, sai na taɓa matar da ke kusa da ni. Ta ce an rubuta wai tsohuwar mai nutso ta mutu, an kuma ga abokiyar aikinta a wajen ragarta daf da mutuwar. Sun shafe fuskar macen da wani dishi-dishi don kada a gane ta. Igiyar kuwa sun bar ta, shuɗiya fes.

Ban jira likita ba.

Kafin yamma sun maimaita shi ya fi a ƙirga, kuma masu waya suka ce ya bazu ko'ina, mutanen da ba su taɓa jiƙa ƙafa a teku ba suna ta tsine wa matar da ta sace wa tsohuwa kamu ta bar ta tana mutuwa. 'Yan sanda sun kira Gap-sun, ta ce musu ba ta ɗauki komai ba, ta ja bakinta. Likitansu ya ce zuciya ce ta tsaya, suka rufe maganar. Amma ƙauye bai rufe ba. A wurin makoki, ana raba kunun jan wake, Gap-sun ta shigo za ta rusuna gaban hoton marigayiya, Sang-cheol ya tare ta a ƙofa ya ce ta koma. Ta koma ɗin. Washegari wasu baƙi suka tsayar da mota suna ɗaukar hoton ƙofar gidanta.

Shugabar ƙungiya ta sa taro bayan mako guda: ko a bar sunan Gap-sun cikin masu nutso, ko a goge shi. Wadda aka goge sunanta ba ta ƙara shiga tekun ƙauye, kuma babu ƙauyen da zai karɓe ta. Ga mace mai shekara sittin da bakwai da ba ta san komai ba sai ƙasan ruwa, wannan binnewa ce da rai.

Na same ta a gonar lemo tana tsinka.

"Kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Yaya."

"To me ya kai ki tekun tsofaffi? Me hannunki yake yi a ragar da ba taki ba?"

Ta datse lemo, ta jefa a kwando, ta datse wani. Na tsaya har ƙafata ta yi tsami. Na tafi ina ganin ta fi kusa da ɓarauniya, gaskiyar magana ke nan.

Sai dai wani abu ya tsaya min a rai. Duk wanda ya miƙo maka gutsuren abu, akwai sauran da ya riƙe a bayansa, kuma ni ban san wa ya miƙo wannan ba. Da fari na zargi mai taraktar da ke kwashe mana kaya, don sun taɓa yin cacar baki da Gap-sun. Amma da aka sake nunawa na lura tsakar kan mutane ake gani, wato daga sama aka ɗauka, shi kuwa mai tarakta gajere ne ko a kan taraktarsa. A kusurwar hoton akwai wani jan ƙyalle yana kaɗawa. Rumfa mai jan ƙyalle guda ɗaya ce a gaɓarmu, a benen gidan shan shayin da wata 'yar Seoul, Na Yu-gyeong, ta buɗe shekara biyu da suka wuce.

Na hau benen da sandata. Ta kawo min shayi a wani ɗan kofi da ko kaza ba zai ƙosar ba. Na ce ba shi ya kawo ni ba. Ta fara da cewa ba ta san komai ba, baƙi da yawa suna hawa nan da wayoyinsu. Na ja kujera na zauna daidai tagar, na ce ranar Talata abin ya faru, ranar da ba ta buɗe shago, kowa ya sani, to wane baƙo ne ya hau? Sai ta zauna ta fashe da kuka.

Ta ce tana ɗaukarmu ne lokaci-lokaci ta sa a waya don jawo masu saye. Ban tambaye ta wa ya ba ta izini ba, na ajiye wannan zuwa wata rana. Da ta ga motar asibiti ta iso, sai ta tuna gidan talabijin kullum yana roƙon duk wanda ya ga wani abu ya aiko. Ta aika. Kafin ta ajiye wayar sun kira ta, suka turo wata doguwar takarda ta danna ta yarda ba tare da ta karanta ba. Daga baya ta gane a ciki an ce kada ta ba wa kowa hoton sai su. Yayanta kuma ya gaya mata a ƙasar nan ana iya kai mutum ƙara don ɓata suna ko da abin da ya nuna ya faru da gaske, don haka ya ce ta goge shi tun wuri ta yi shiru.

"Kin goge?"

"Ban iya ba, Samchun."

"Nuna min. Duka, ba gutsure ba."

Minti bakwai ne. Na sa ta maimaita min sau uku.

Ga Gap-sun ta iyo, ta duba dama da hagu, ta cusa hannu, ta tafi. Amma abin da suka yanke shi ne abin da ya biyo baya. Samchun Wol-seon ta taso da ranta, ta rungumi goranta ta huta, ta koma ƙasa. Ta sake tasowa, ta sake komawa. A lokacin Gap-sun ta yi nisa har ta fita daga hoton. Masu talabijin sun ɗinke hannun da gawar kamar babu komai a tsakani.

Wannan ko yaro zai gani. Abin da sai mai nutso za ta gani shi ne goran kansa. Kafin Gap-sun ta zo, yana tsalle a kan ruwa kamar ƙwallo, ragar ba nauyi. Bayan ta tafi ya zauna, ruwa ya hau masa har wajen ɗaurin igiya. Gora ba ya nutsewa don an rage masa kaya.

Duk mun san wannan al'ada. In yarinya sabuwar shiga ce, ko mace ta tashi daga ciwo, mai ƙarfi takan jira ta nutsa, ta zuba mata kaɗan a raga ta wuce. Sharaɗinsa ɗaya: ba a faɗa, ba a godiya, wadda aka yi wa ma ba ta sani. Shi ya sa ake duba dama da hagu. Mai bayarwa da mai sata tafiyarsu ɗaya ce a ido. Kuma cikin mu ashirin da uku babu wadda tunaninta ya je can, don hannun na Gap-sun ne.

Sauran hoton ya fi ci min rai. Samchun ta taso karo na uku ba ta kama gora ba, ta kwanta rub da ciki a kan ruwa. Na riƙa ƙirga numfashi a raina: ɗaya ya wuce, biyu, huɗu. Wayar na nan a kanta ba ta motsa ba, har ma aka jawo hoton kusa. Na tambayi Yu-gyeong me ya hana ta yin ihu. Ta ce ai haka take ganinmu kullum, fuska a ruwa muna leƙen ƙasa. Na ce ba ta ji fiton da muke yi in mun taso ya ɗauke ba? Ta ce taga a rufe take, ga kiɗa a shago. Na ce to me ya sa ta jawo hoton kusa a daidai nan? Ta ce hasken rana ne ya yi kyau a kan ruwan. Wataƙila haka ne. Har yau ban yanke ba.

Na sa ta kira mutumin da ya karɓi hoton, wani ɗan jarida mai suna Pyo, ta buɗe muryar ina ji. Ladabi kamar surukin da ya zo neman aure. Kaka sama, Kaka ƙasa. Ya ce sun rufe fuska, ba su ambaci suna ba, kuma in na saurara da kyau babu inda suka ce sata. Ya ce minti ashirin kacal suke da shi kafin labarai, ga wasu gidajen na rige-rige, ba a sa hoton minti bakwai a labari. Sun kira ofishin ƙauye ba a ɗauka ba. In wani yana ganin an zalunce shi, akwai ofishin da ake kai ƙarar 'yan jarida, amma mai abin ce za ta je da kanta ta rubuta yadda aka yi. Batun nuna cikakken hoton ga jama'a kuwa, shi bai ba da shawara ba, saboda takardar da aka yarda da ita, kuma akwai mutuncin gawa.

Na ce da shi: "Ɗan nan, da kuka nuna ana janta kamar buhu sau ɗari, ina mutuncin yake? Fuska kuka rufe. Mu nan ba da fuska muke gane juna ba, kullum tana cikin ruwa."

Ya ce ya fahimta ƙwarai. Irin muryar wanda yake duba agogo.

Na koma gonar lemo na gaya wa Gap-sun na ga goran. Wannan karon ta ajiye almakashin. Ta ce shekara uku ke nan idon Samchun ba ya bambance dodon koɗi da dutse. Ta ce ba za ta je wani ofishi ta rubuta ba, kuma kada in nuna wa kowa.

"Yaya, ta mutu tana ganin ita ke ciyar da kanta. Ki bar mata wannan."

Na ce matacciya ba ta shiga ruwa gobe, ke ce za a hana. Ta ce a hana. Na ce sai na nuna. Ta kira ni da wani suna da ba a kiran na gaba da shi, ta ɗauki almakashinta. A hanyar gida na tuna ɗan jaridar nan aƙalla ya nemi mai waya ta danna wani abu. Ni ko wannan ban samu ba: mai hoton tana tsoro, wadda ke cikinsa ta ce a'a, ɗayar kuma tana cikin ƙasa.

Ranar taro Yu-gyeong ta zo, ta haɗa wayarta da talabijin ɗin ɗakin canza kaya. Shugaba ta gayyaci Sang-cheol, ya zauna a bakin ƙofa da baƙaƙen kayansa. Gap-sun na can ƙarshen benci. Ban yi dogon bayani ba, na ce kowa ta kalli gora, ta bar hannu.

Da goran ya zauna cikin ruwa, kowa ta matso kusa da talabijin ɗin. Wata ta ce a maimaita. Wadda ta fi kowa zagin Gap-sun a makon nan ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kasa gamawa. Na sa aka tsayar da hoton kafin tasowa ta uku, don ɗa ba zai kalli wannan a gabana ba.

Sang-cheol kaɗai bai gane ba. Tun yana ɗan makaranta ya bar tsibirin. Shugaba ta yi masa bayani a hankali: ba ɗauka ta yi ba, zubawa ta yi. Na zaci zai tashi ya rusuna mata. Shi kuwa sai ya tambaya tun yaushe. Babu mai amsawa sai Gap-sun, ta ce shekara uku.

"Ta ce min ranar da ragarta ta fito wofi in zo in ɗauke ta," in ji shi. "Ashe tun shekara uku ta fito wofi. Da yanzu tana ɗakina kusa da asibiti."

"Haka ne," in ji Gap-sun.

Sai a lokacin na gane ba mutuncin marigayiya kaɗai ya rufe mata baki ba. Ta gwammace a kira ta ɓarauniya, abin da ta san ba ita ba ce, da a faɗa mata wannan a fuska. Ni ce na jawo aka faɗa mata.

Ya tashi ya fita, bai gaishe da kowa ba. Aka jefa ƙuri'a a rufe, aka bar sunanta. Biyu sun ce a goge, kuma na san su, ko da yake sun fi kowa rungumarta bayan taro.

Gidan talabijin bai gyara komai ba, tunda babu wanda ya kai ƙara. Yu-gyeong ta ce sun cire hoton daga wurinsu a ɓoye, amma yana nan a hannun dubban mutane, gutsuren, ba cikakken ba. 'Yar Gap-sun ta bugo tana kuka ta ce uwar ta dawo Seoul. Ta ƙi. Da aka buɗe teku bayan makoki ita ta fara shiga, ta nufi can nesa inda babu mai iya bin ta.

Tun daga nan ba ta sake kusantar tekun tsofaffi ba, haka sauran masu ƙarfin. Kowa in ta ɗago kai sai ta ga wani a gaɓa da waya a hannu, kuma babu mai son a ga hannunta a ragar wata. Kafin bazara tsofaffi uku sun ajiye gora.

Ni ma ragata ta fara fitowa shafal. Na ce teku ne ya ɗumama. Na ce baƙi ne ke kwashewa a ɓoye. Na yi rigima da mai awo har na ce sikelinsa na da aljani. Sai wata rana ina jan gorana zuwa gaɓa, na ga yadda yake tsalle a kan ruwa, na tsaya cak.

Na jira Gap-sun ta fito, tana ta nishi da raga a baya. Na tare ta a kan dutse na ce, tun yaushe?

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, kunnenki ya mutu, yanzu kuma hankalin ne? Ni da ba na ba da aron safa. Matsa, kin tare min hanya."

Na matsa. Ta wuce ruwa na ɗiga daga ragarta, ba ta waiwayo ba.